Abin Da Likita Ke Nufi: Bayani A Kan Fitsari Da Abinci

Muna neman gafara wurin malamanmu da 'yan'uwanmu masu karatu, gama abin da za mu yi magana a kansa ba a saba ambatonsa gaban manya ba. Amma da ya ke kunyar ambatonsa ta jawo wa mutane wahala mai yawa, har ta yi sanadin ajalin waɗansu, sai muka ga gara a daure a faɗa.

Ga dalilin rubutun. A hutun da ya wuce mun koma gida, unguwar Sheshe, cikin birnin Kano. Muka tarar wani dattijo maƙwabcinmu, mai sayar da tufafi a kasuwar Kurmi, ba shi da lafiya. Ashe kwana biyu ke nan fitsari ya ƙi fita masa, mararsa ta kumbura ta yi tauri kamar an kife ƙoƙo, amma kowa ya tambaye shi sai ya ce ciki ne ya ɗan ɓaci. Aka yi ta dafa masa sassaƙe. Da abin ya ci tura aka kai shi asibiti, can ma ya faɗa wa likita haka, domin ɗansa da surukarsa suna tsaye a kansa. Likita ya sa kowa ya fita, ya taɓa marar, ya gane. Aka zura masa 'yar siririyar roba, nan take fitsari fiye da lita guda ya fito. Likita ya ce da an ƙara kwanaki a haka, da ƙodarsa ta taɓu.

Da suka komo gida sai uwargidansa ta aiko aka kira mu, ta miƙo takardar asibiti daga bayan labule, ta ce, "Ɗan nan, kai da ka yi boko, duba mana abin da suka rubuta." Muka karɓa, muka duba sama, muka duba ƙasa. Haruffa dai mun san su, amma ma'ana ko ɗaya ba mu tsinta ba. Muka ce, "Inna, sai mun tambaya." Kunyar wannan rana ita ta sa muka bi malaman asibiti da littattafai da tambaya, abin da muka samo shi ne wannan.

Harshe uku, abu ɗaya

A birninmu abin nan sunansa uku. Yara da mutanen kasuwa su ce fitsari. A zauren malamai a ce bawali, daga Larabci. Mai kawaici kuwa ba ya kiran ko ɗaya, sai ya ce zai kama ruwa, ko zai zagaya. Duk wanda ya yi karatun Ahalari da Ishmawi da Risala ya san malaman fiƙihu ba su yi nauyin baki a wannan babi ba. Sun ba kowane abu sunansa, suka bambanta istinja'i da istibra'i, suka yi hukuncin mai salasul bawali, watau wanda fitsari ke zubo masa ba da nufinsa ba. Sun yi haka domin sun san ibada ba ta gyaruwa da kewaye-kewaye. To, magani ma haka ya ke.

Likitocin Musulunci na dā kuwa, duban fitsari babban fanni ne a wurinsu. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayani cikin littafinsa Alƙanun yadda a ke zuba fitsarin safe a kwalba a dubi launinsa, da kaurinsa, da warinsa, da kumfarsa, da abin da ya kwanta a ƙasa. Ashe in malamin asibiti ya miƙo maka 'yar kwalba yau, ba baƙon abu ya kawo ba.

Harshen asibiti yawancinsa daga Yunananci da Latin aka gina shi, ginin kuwa a kan ƙa'ida ya ke, kamar sarfu. Mu ma muna yin irinsa: mu ɗauki fitsari mu sa masa ma- a gaba, ya zama mafitsara, watau wurin da ya ke taruwa. Su kuma Yunanawa fitsari uron su ke ce masa, saboda haka in ka ga kalma ta ƙare da uriya, maganar fitsari a ke yi, gaɓar farko ita za ta gaya maka abin da ya same shi. A nan mun rubuta kalmomin yadda bakin Bahaushe zai furta su. A takardar likita haruffan sukan ɗan bambanta, sau da yawa inda muka sa f za ka ga p.

Ƙoda da aikinta

Wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar ragon layya ya ga ƙoda. Ta mutum guda biyu ce, a baya, ƙarƙashin haƙarƙari, kowace girmanta kamar dunƙulen hannu. Cikin kowace akwai 'yan matatai kamar miliyan ɗaya, ido ba ya ganinsu, sunansu nefuron. Jinin babban mutum bai fi kamar lita 5 ba, amma yana ta kewayowa ta cikinsu dare da rana, har ruwan da su ke tacewa a kwana guda ya kai kamar lita 180, kusan cikin duro ke nan. Da duk wannan zai fita, da ba wanda ya kai azahar da rai. Sai Allah ya sa ƙoda ta mayar da kusan 99 cikin 100 zuwa jini, tare da sukari da gishirin da jiki ke bukata, ta bar kamar lita ɗaya da rabi da dauɗar da ke ciki. Shi ne fitsari, misalin ledar ruwan sha uku.

Daga kowace ƙoda wani siririn bututu ya gangaro zuwa mafitsara, sunansa yureta. Mafitsara jaka ce ta tsoka mai ɗaukar kamar rabin lita. Daga gare ta bututu ɗaya ya fita waje, shi ne yuretira. In ƙoda ta gaza, dauɗa takan taru a jini, shi ya sa likita kan aika a auna yuriya da kiriyatinin. In sun hau, ƙoda ta yi rauni. Manyan masu kashe ƙoda a hankali su ne hawan jini da ciwon sukari. In ta mutu ɗungum sai wankin ƙoda, wanda likitoci ke kira dayalisis: na'ura ta ja jini ta tace ta mayar, yawanci sau uku a mako, kamar awa huɗu kowane zama. Wani likitan Holan, Willem Kolff, shi ya fara haɗa na'urar a 1943. Dashen ƙoda na farko da ya ɗore an yi shi a Boston ta Amurka a 1954, tsakanin tagwaye. A nan Kano kuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara yi a 2002. Duka biyun tsadarsu takan rusa gida, rigakafi ya fi magani.

Kalmomi takwas

Ga waɗanda aka fi gani a takarda.

1. Foliyuriya. Foli, mai yawa. Fitsarin da ya wuce lita 3 a kwana guda.

2. Oliguriya. Oligo, kaɗan. Wanda bai kai mililita 400 ba, watau bai cika ledar ruwa guda ba.

3. Anuriya. An, babu. Ƙasa da mililita 100, ko babu sam.

4. Disuriya. Dis, da wuya. Zafi ko raɗaɗi sa'ad da a ke yi, yawanci alamar ƙwayoyin cuta ne a mafitsara ko a bututu.

5. Nokturiya. Daga sunan dare da Latin. Yawan tashi cikin dare.

6. Hematuriya. Hema, jini.

7. Furotinuriya. Abincin gina jiki yana yoyo ta matatai, fitsari yakan yi kumfa. Saboda ita a ke auna fitsarin mai ciki ran awo, gama in ta haɗu da hawan jini da kumburi tana iya zama sallamar jijjiga.

8. Gulukosuriya. Sukari cikin fitsari.

Akwai bambanci guda da ya wajaba a riƙe. Mutum biyu kowa ya ce fitsari ba ya fita, alhali ciwonsu ba ɗaya ba ne. Na farko ƙodarsa ce ta daina aiki, mafitsara wayam, kamar rijiyar da ta ƙafe, shi ne mai anuriya. Na biyu ƙodarsa lafiya lau, mafitsara ta cika maƙil amma ƙofa ta toshe, wannan ritenshan a ke ce masa. Shi ya sami maƙwabcinmu. Maza suna da wata 'yar tsoka da ta kewaye wuyan mafitsara, sunanta furostet, takan girma in shekaru sun ja, ta matse hanya. Robar da aka zura masa sunanta katita. Kalmomin nan uku su ne ke cikin takardar da ta gagare mu.

Kishiyar ritenshan ita ce inkontinens, salas ɗin nan na malamai. Mafi muninta yoyon fitsari na mata, wanda doguwar naƙuda kan jawo: kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara, nama ya mutu, ƙofa ta huje. Likitoci suna ce masa fistula. Ba maita ba ce, ba kuwa alhaki ba, kuma ɗinki yana warkar da mafi yawansu. Ana yi a cibiyar Laure da ke Asibitin Murtala, da Babbar Ruga a Katsina, inda likita Kees Waaldijk, mutumin Holan, ya fara wannan aiki cikin shekarun 1980, ya koya wa likitocinmu da yawa.

Tsargiya

Cikin kalmomi takwas ɗin nan, ta shida ita malamin makaranta zai fi gamuwa da ita. Birnin Kano da ƙasa aka gina shi, kowace unguwa da kududdufin da aka haƙa domin tubali. An cike da yawa an yi gini a kai, amma yara ba su bar wanka a waɗanda suka rage ba, da tafkunan bayan gari, da magudanan noman rani na wajen Kura da Kadawa waɗanda ke shan ruwan madatsar Tiga da aka gama a 1974. Muna yara mun sha ganin abokin wasa ya ƙare fitsari sai ɗigon jini ya biyo. Waɗansu su ce zafin rana ne, waɗansu su ce alamar balaga ce, har yaro ya yi ta taƙama.

Ba haka ba ne. Tsutsa ce. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano ta a Alƙahira a 1851, shi ya sa Turawa ke kiran ciwon bilhaziya. A 1915 kuma Robert Leiper ya nuna, can Masar, yadda ta ke yawo. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwayaye su fita su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi. Bayan 'yan makonni su fito dubbai suna iyo. Yaro ya shiga wanka, su huda fatarsa ba tare da ya sani ba, su bi jini, su girma, su zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara suna ƙwai. Ƙwan yana da ƙaya, wajen ratsa bangon mafitsara ne jini ke fita. In an bar shi shekara da shekaru yaro ya yi fari fat, ya kasa karatu, mafitsara ta yi tabo, hanyar ƙoda ta toshe, wani ma a ƙarshe ciwon daji ya kama mafitsarar. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu wannan ciwo.

Maganinsa kuwa mai sauƙi ne, ƙwaya ce mai suna farazikwantal, a sha rana ɗaya bayan an ci abinci. In an zo rabawa a makaranta da sanda a ke auna tsawon yaro a san adadin da za a ba shi. In za a kai fitsari awo, a ɗiba tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin ƙwayayen suka fi fita. Amma wanda ya sha magani ya koma kududdufi, ya koma wa ciwo.

Metabolizim

To, ina dauɗar nan da ƙoda ke tacewa ta ke fitowa? Daga abinci. Duk juyin da jiki ke yi wa abinci, tun daga loma har ya zama ƙarfi da tsoka da shara, shi likitoci ke kira metabolizim, asalin kalmar kuwa canzawa. Kashi biyu ne: anabolizim, gini, da katabolizim, rushewa.

A misalta jiki da murhu. Abinci ne itace. Tuwo da fura da shinkafa da rogo sukan narke su zama wani sukari, gulukos, shi ne karan da ke kamawa da sauri. Man gyaɗa da man shanu da manja su ne gungumen da ke daɗewa yana ci. Nama da wake da ƙwai da nono da gyaɗa kuwa furotin ne, asalin aikinsu gini, ba a ƙona su da yawa sai itace ya yanke. Ma'aunin zafin sunansa kalori: giram ɗaya na sukari ko furotin 4, na mai 9. Babban mutum yana bukatar kamar 2,000 zuwa 2,500 a yini. Wani masani Bafaranshe, Lavoisier, ya nuna cikin shekarun 1780 cewa numfashi ƙuna ce mai tafiya a hankali, ashe misalin bai yi nisa da gaskiya ba. Hayaƙin murhun ta huhu ya ke fita. Tokar furotin kuwa guba ce, sai hanta ta juya ta zuwa yuriya, jini ya kai wa ƙoda, ƙoda ta zubar. A 1828 Friedrich Wöhler ya haɗa yuriya a ɗakin gwaji a Jamus ba tare da ƙodar kowa ba, mutane suka yi mamaki. Farin takin nan yuriya da manoma ke saye da buhu, shi ne dai wannan.

Gulukos ba ya shiga tsoka sai da mabuɗi, mabuɗin shi ne insulin, wanda wata doguwar tsoka a bayan tumbi, fankiriyas, ke yi. In insulin ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina jinsa, sukari ya taru a jini. In ya wuce kamar miligiram 180 a ma'aunin asibiti, ƙoda ta kasa mayar da shi duka, ya tsallaka cikin fitsari, ya ja ruwa ya tafi da shi. Kun ga gulukosuriya ta haifi foliyuriya da nokturiya. Mutum ya yi ta sha ƙishirwa ba ta yankewa, yana ci yana ramewa, gama abincin yana bin makwarara. Ciwon sukari ke nan, dayabitis. Likitocin Hindu na dā sun lura kiyashi yana taruwa a fitsarin irin waɗannan mutane, tsofaffinmu ma sun san wannan alama. A 1776 Matthew Dobson na Ingila ya ƙafar da fitsarin ya sami sukari a ƙasan kasko. A 1921 Banting da Best suka fitar da insulin a Toronto ta Kanada, a Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro allurarsa ya tashi. Yau ba a jiran kiyashi. Ɗigon jini daga yatsa ya isa, in an auna da safe kafin a karya aka ga 126 ko fiye, aka sake aka ga haka, ciwon ya tabbata.

Ƙofofi uku na ciyar da majiyyaci

Wanda ya yi jinya a asibiti ya ga wata takarda a gindin gado, nas tana rubuta abin da majiyyaci ya sha da abin da ya fitar, har tana auna jakar katita. Kada a ɗauka neman magana ne. Lissafin shiga da fita ne, irin na ɗan kasuwar Kurmi, da shi likita ke sanin ko jiki yana cin riba ko uwar kuɗi ya ke ci. Saboda haka mai jinya kada ya zubar da fitsari sai an auna, kada kuma ya ba da ko kofin ruwa bai faɗa ba.

Ƙofa ta farko baki. Muddin majiyyaci yana iya haɗiya, ita ta fi. Mai zawo da amai, wanda fitsarinsa ya ragu ya yi ja, ruwan jikinsa ne ya tafi, maganinsa ruwan gishiri da sukari. Na ƙunshi ya fi, in babu a sami lita guda ta tsabtataccen ruwa, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin cokali na gishiri. Likita Dilip Mahalanabis ya gwada shi a sansanin 'yan gudun hijirar Bangaladash a 1971, sa'ad da kwalara ta ɓarke ruwan leda ya ƙare, ya ceci jama'a masu yawa. Amma in an ce kada a ba mutum kome ta baki saboda za a yi masa aiki, to, a kiyaye. Tausayi yakan sa a ɓoye kunu cikin mayafi a ba shi, alhali in an sa shi barci kunun yana iya tasowa ya faɗa huhu.

Ƙofa ta biyu robar hanci, nasogastirik: naso hanci, gastir tumbi. Wanda ya shanye, ko ya suma, ko jaririn da bai iya tsotso ba, a zura masa siririyar roba ta hanci har tumbi, a riƙa ɗura madara ko tataccen kunu. Wannan ciyarwa sunanta enteral, daga enteron, hanji. Mutanenmu suna tsoronta ƙwarai, wai in an sa wa mutum roba ya gama. Har akan roƙa a cire, ko a ɗauke majiyyaci a tafi gida. Alhali ba robar ke kashewa ba, yunwar da ta hana a kashe ce. Ƙa'idar likitoci ita ce, in hanji yana aiki a yi aiki da shi.

Ƙofa ta uku jijiya, farenteral, watau a kauce wa hanji. A nan akwai kuskure babba da ya kama gari. Ƙarin ruwa, wanda Thomas Latta ya fara yi wa masu kwalara a Sikotlan a 1832, yana mayar da ruwa da gishiri, amma ba abinci ba ne. Ledar rabin lita mai sukari 5 cikin 100, sukarin da ke ciki giram 25 ne, bai wuce kalori 100 ba, ƙosai kaɗan sun fi shi. Sai an ɗaura wa mutum leda 20 kafin ya sami abincin yini guda, babu kuwa furotin ko ƙwaya. Ashe mai cewa a yi masa ƙarin ruwa ya ji ƙarfi, alhali yana iya haɗiya, kuɗinsa ya ke zubarwa, da fura da nono ya saya. Cikakken abinci ta jijiya akwai shi, Stanley Dudrick ya nuna yiwuwarsa a Amurka a 1968, amma yana da tsada da haɗari, sai wanda hanjinsa ya tsaya.

Tamowa

Inda ciyarwar asibiti ta fi ceton rai a ƙasarmu shi ne wajen yara masu tamowa. Iri biyu ce. Marasmus, yaro ya bushe, fuska kamar ta tsoho. Kwashiyoko kuwa ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, uwa ta zaci ƙiba ce. Likita Cicely Williams ta bayyana shi a Akara ta ƙasar Gana a 1933, a 1935 ta kira shi da sunan da mutanen Ga ke kiransa, ma'anarsa ciwon yaron da aka yi wa ƙane. Mu ma mun san abin da kan sami yaron da aka yaye ba shiri. Ana auna damtsen yaro mai wata 6 zuwa shekara 5 da wani zare mai launi uku, in bai kai santimita 11.5 ba ya faɗa ja, sai asibiti.

Wanda yunwa ta daɗe a jikinsa ba a cika masa ciki farat ɗaya, yin haka yana iya tsayar da zuciya. Mai azumi ma da dabino da kunu ya ke buɗe baki. Saboda haka a asibiti da wata madara mai sauƙi a ke farawa, F-75, kaɗan kaɗan, sa'an nan a hau F-100. A 1996 André Briend da Michel Lescanne suka haɗa wani abinci a Faransa, Plumpy'Nut, markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadarai. Ƙunshi guda giram 92 ne, kalori 500, ba a dafawa, ba a sa ruwa, uwa tana iya ba ɗanta a gida. A yunwar 2005 an ciyar da dubban yara da shi a Maraɗi suka tashi. Abin tunani ne a ce gyaɗar nan da Kano ta yi suna da dalarta a dā, ita ce ta komo mana cikin ƙunshi ta zama magani. To, magani ne na yaron da aka rubuta wa, ba abin rabawa 'yan ɗaki ba, ba kuwa hajar kasuwa ba.

Abin da ya rage gare mu

'Yan'uwa, ba a ce mu zama likitoci ba, kada kuwa wani ya karanta wannan ya fara rubuta wa mutane magani. Amma gobe za a watsa mu garuruwa, wani zai sami kansa inda babu mai karanta takardar asibiti sai shi. Yaron da ke yawan neman izinin fita, kafin a ɗauko bulala a tambaye shi a keɓe. Wanda ya yi fari yana gyangyaɗi, a tambaye shi inda ya ke wanka. A koya wa yara sunan kowane abu cikin ladabi, yadda aka koya mana a zaure, a gaya musu likita ba suruki ba ne. In kuwa mun raka babba asibiti, mu ba shi wuri ya gana da likita shi kaɗai.

Dattijon nan ya warke, ya koma rumfarsa. Ran da za mu komo makaranta muka je sallama, muka karanta masa takardar kalma kalma. Ya yi shiru, can ya ce, "Ashe abin har suna gare shi. Da na san ciwon tsofaffi ne duka, da ban kwana biyu ina cizon haƙori ba." Allah ya ba marasa lafiya lafiya, mu kuma ya amfanar da mu abin da muka karanta, amin.